Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Mai Injin Wanki Ya Nuna Mana Kayan Aikinsa

Wata sana'a ta bunƙasa a Zongon Lome cikin 'yan shekarun nan, wato wanki da injin feshin ruwa, wanda yawancinmu ke kira Kärcher ko da wani kamfani daban ne ya ƙera shi. A da sai a wurin wankin mota ake ganinsa. Yanzu kuwa ana ɗaura shi a bayan babur a kawo shi har gida, a wanke daɓen tsakar gida da katanga da tankin ruwa, a wanke kafet ɗin masallaci idan azumi ya ƙarato. Sana'a ce ta halal, tana rufa wa samari da yawa asiri, kuma ba abin da nake mata sai fatan alheri. Sai dai ta zo mana da wata ɗabi'a da bai kamata mu bari ta yi saiwa ba. Mutum zai zo ya duba aiki, ya yanka farashi, ya ce a tura masa kafin alƙalami ta Flooz. Da zarar ka ce, "Malam, in ga injin da za a yi aikin da shi mana," sai ya ɗaure fuska. Wani ya ce raini ne, wani ya ce sirrin sana'a ne, wani ya ce kai dai ka zuba ido ka ga aiki.

Ra'ayina a fili yake. Duk wanda zai karɓi kuɗin mutum don ya yi masa wanki da irin wannan inji, wajibi ne ya nuna masa injin kafin kuɗi su bar aljihu. Hoton WhatsApp bai isa ba, domin kowa na iya ɗauko hoto a intanet. Injin da zai zo ranar aiki nake nufi, a tayar da shi a gaban mai aiki, a karanta masa abin da ke rubuce a jikinsa, a gwada shi a wani lungu na abin da za a wanke. Wanda ya ƙi wannan kada a ba shi aiki, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke.

Na kawo wannan batu a shirin da nake gabatarwa a rediyo, masu sana'ar suka yi ta bugo waya, wasu da raha, wasu da zafi. Na saurari hujjojinsu, kuma zan bi su ɗaya bayan ɗaya. Amma bari mu fara da sanin shi kansa injin, domin rabin gardamar daga rashin saninsa take.

Kärcher sunan wani Bajamushe ne, Alfred Kärcher, wanda ya kafa kamfaninsa a 1935, kuma a 1950 ya fito da injin wanki mai fesa ruwan zafi da ƙarfi. Sunan ya bi duniya har ya zama kamar yadda muke kiran kowane garin sabulu Omo, kowane ɗanɗanon miya Maggi. Saboda haka idan mutum ya ce maka yana da Kärcher, bai gaya maka komai ba tukuna. Akwai wanda yaro zai ɗauka da hannu ɗaya, akwai wanda sai ƙarti biyu sun kama.

Lambobi biyu ne ke bambanta su. Na farko ƙarfin matsin ruwa, wanda ake aunawa da ma'aunin da ake kira bar. Don ka gane girman abin, iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota bar 2 ce da 'yan kai. Ƙananan injinan gida suna kaiwa wajen bar 110, manyan na 'yan sana'a masu aiki da fetur suna kaiwa bar 200 ko fiye. Bar 200 kuwa daidai yake da nauyin kusan kilo 200 a kan wurin da bai wuce faɗin farcen ɗan yatsa ba. Lamba ta biyu ita ce yawan ruwan da injin ke fitarwa. Ƙarami na fitar da kamar lita 360 a awa, wato lita 6 a minti, babba na iya fitar da lita 900 a awa, wato lita 15 a minti. Matsi ne ke ɓamɓare datti, yawan ruwa ne ke kore shi. Haka kuma cikinsu ba ɗaya ba ne. Ƙaramin an ƙera shi ne don mai gida ya wanke motarsa jefi-jefi, famfonsa na roba ne ko alminiyom, in aka sa shi aikin yini guda sai ya yi zafi ya tsaya. Babban kuwa kan famfonsa na tagulla ne, an yi shi don wahala.

Sai kuma kawunan feshi da ake ɗaurawa a bakin bindigar. A yawancin injinan fetur launi ne ke bambanta su. Ja yana fitar da ruwa tsaye kamar allura, rawaya yana buɗewa digiri 15, kore 25, fari 40, baƙi na sabulu ne. Ƙwararre yana da su duka a aljihu, ya san wanda ake sa wa siminti da wanda ake sa wa jikin mota. Wanda ya zo da kai ɗaya tak, da shi zai wanke maka komai, kuma kai za ka biya kuɗin karatunsa.

Yanzu ka ɗauki wannan sani ka shiga gidajenmu da shi. Lome gari ne mai laima, damina biyu muke yi a shekara, katanga ba ta daɗewa sai ta yi baƙi da gansakuka, hunturu kuma ya zo ya lulluɓe komai da ƙura. Buƙatar wanki gaskiya ce. Amma yawancin katangunmu bulon yashi da siminti ne, an yi musu shafe an bi da fenti. Ka sa musu bar 200 da jan kai, fenti ya tafi, shafe ya rarake. Ka sa wa tayil, simintin da ke tsakaninsu ya fita, ruwa ya samu hanyar shiga ƙarƙashi. Ka sa wa babur, ruwa ya kori giris daga cikin boris da sarƙa, bayan 'yan makonni ɗan kabu-kabu ya fara jin ƙara bai san daga ina ba. Ka sa wa na'urar sanyaya ɗaki, siraran ƙarafunanta su lanƙwashe. Ka sa wa farantin sola, ruwa na iya keta robar da ta toshe gefensa. Idan kuma akasin haka ne, aka kawo ɗan ƙaramin inji don wanke harabar masallaci, aikin rabin yini ya zama na kwana biyu, injin na tsayawa ana jira ya huce, ƙarshe a gama da tsintsiya da bokiti, a kuma karɓi kuɗin inji.

Akwai kuma abin da injin ke ci daga jikin mai gida. Idan mitar wutar gidanka ta amfiya 10 ce, a kan bolt 220, abin da za ta ɗauka bai wuce wat 2,200 ba. Injin da ke neman wat 3,000 zai yi ta kashe maka wuta, daga nan sai ka ga yara sun fere waya suna neman inda za su jona kai tsaye, ƙafafunsu cikin ruwa. Ruwan ma haka. Injin da ke shan lita 15 a minti, in ya yi awa 4 yana feshi, ya sha lita 3,600, wato jarka 144 mai cin lita 25. Wa zai biya? Takardar TdE ce za ta zo maka a ƙarshen wata, ko mai rijiyar burtsatse ya miƙo hannu. Wanda bai ga inji ba bai san wannan lissafi ba, sai bayan an gama.

Mafi girma duka shi ne rai. Injin fetur yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. A tayar da shi a cikin ɗaki rufaffe, ko a bakin tankin ƙarƙashin ƙasa alhali yaro na ciki yana gogewa, ana iya fito da gawa. Ruwan da ke fita da irin wannan matsi yana huda fata, ƙofar raunin ƙarama kamar cizon sauro amma ɓarnar na ciki, har takan kai ga tiyata. Jarkokin da suke zuwa da su ma kayan aiki ne, su ma sai an nuna. Asid ɗin wanke tayil in ya haɗu da ruwan Jabel yana tayar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Mai gida da ke da yara da tsofaffi yana da haƙƙin sanin abin da za a zuba masa a tsakar gida, balle a cikin tankin da iyalinsa ke sha.

To, mu koma ga hujjojin masu sana'a.

Ta farko, suka ce ai ba wanda ke cewa tela ya nuna masa keken ɗinki, aiki ake dubawa. Wannan misali ya juya ya kama mai shi. Tela a shago yake zaune, kekensa na gabanka tun kafin ka yi sallama, ga rigunan da ya gama a rataye. Kekensa ba ya zuwa gidanka ya sha maka wuta da ruwa. In ya ɓata maka yadi, asararka yadi ce. Mai wankin mota na bakin titi ma haka yake, injinsa na waje, kana iya tsayawa ka kalli yadda ya wanke motar wani kafin ka ba shi taka. Mai zuwa gida ne kaɗai ake biya kafin a ga komai nasa. Abin da nake nema a gare shi shi ne abin da tela ke bayarwa kullum ba tare da an roƙe shi ba.

Ta biyu ita ce maganar amana, kuma ita ta fi shiga zuciya. Suka ce mu 'yan Zongo ne, mun san juna, mun san iyayen juna, tambayar inji kamar tuhuma ce. Gaskiya ne amana ce jarin Zongo. Kakanninmu fatake da ita suka yi cinikin goro da na dabbobi tsakanin gaɓar teku da Arewa, ana ba da kaya bashi ba takarda, mai gida na tsaya wa baƙonsa, dillali na tsaya wa ciniki. Har wani masani Bafaranshe, Michel Agier, ya rubuta littafi a kan fataken Zongon Lome, wanda ya fito a 1983. Lokacin da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari a 1977 aka mayar da mutane nan arewa, wajen Togblekope, gine-gine aka rushe, wannan amana ta biyo mu. Amma mu tambayi dattawanmu yadda aka gina ta. Akwai wanda ya taɓa sayen huhun goro bai sa an kwance ya duba ba? Yau ma in Layya ta zo ka je Gbossime, ko da mai ragon amininka ne, sai ka buɗe bakin ragon ka ga haƙora, ka duba ido, ka sa ya taka ka ga ƙafa. Ba ya fushi, shi da kansa zai riƙe maka ƙahon. Da gani aka gina amanar, mutum ya nuna sau ɗaya, sau goma, har aka daina tambayarsa. Wanda ya fara sana'a bara ba zai zo ya nemi a yi masa abin da ake yi wa wanda ya shekara talatin ba a kama shi da ƙarya ba. Kuma Zongon yau ya yi faɗi, ga direbobin manyan motoci daga Nijar da Burkina Faso da Mali suna shiga suna fita a kan babbar hanya lamba 1, ga baƙi sababbi kullum. Mai lambar waya a jikin katanga ba lallai ne wani ya san gidansu ba.

Addininmu ma bai bar wannan a duhu ba. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi, ya tambaye shi me ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, sannan ya yi gargaɗi mai tsanani a kan algus. A fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaurukanmu, an hana cinikin da ke da garari, wato wanda ba a san haƙiƙanin abin da ake saye ba, kuma ana son aikin ƙwadago ya zama sananne, ladansa sananne. An halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma in ya zo ya saɓa wa siffar, mai saye na da damar fasawa. Malaman wannan mazhaba sun kuma ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da ya tafi da su wurin aikinsa, kamar kafet ɗin da aka naɗe aka ba shi. Duk wannan yana nuna hanya ɗaya ce, a bayyana tun farko don kada a yi rigima a ƙarshe. Mai cewa tambaya raini ce, sai ya gaya mana a wane littafi ya karanta.

Hujja ta uku ita ce ta fi nauyi a wurina, don haka ba zan yi mata riƙon wasa ba. Suka ce samari da yawa ba su da injin kansu, haya suke ɗaukowa ranar aiki, kuma da kafin alƙalamin ne suke biyan hayar. In aka ce sai an nuna inji, an rufe wa talaka ƙofa, an bar sana'ar ga masu jari. Amsata ita ce haya ba abin kunya ba ce, ɓoye ta ne abin kunya. Saurayi ya ce, "Baba, ba ni da inji, wurin wane nake ɗauka, ga girmansa, mu je ka gani, ko ka biya shi hayar da hannunka." Wannan ya nuna kayan aikinsa, ya kuma nuna halinsa, ni shi zan ba aiki. Manyan kamfanoni ma haka suke yi. A takardun neman kwangilar ayyukan gini na Bankin Duniya akwai shafin da ɗan kwangila ke lissafa injinansa, ya faɗi ƙirarsu da ƙarfinsu, ya kuma faɗi ko mallakarsa ne ko haya. A nan Togo muna da hukumar ARCOP, wadda a da ake kira ARMP, mai sa ido a kan yadda ake ba da kwangilar gwamnati. Idan kamfanin da ke neman aikin biliyoyi bai ga raini ba a ce ya lissafa motocinsa, me zai sa mai aikin jaka ashirin ya gani?

Wanda wannan ɓoye-ɓoye ke karewa a zahiri shi ne ɗan kamasho, mai wayar hannu da zaƙin baki, wanda bai taɓa riƙe bindigar feshi ba. Shi ke karɓar aiki da tsada, ya nemo yara biyu da injin da ya fi araha a ranar, ya ba su abin da bai kai rabi ba, ya kashe waya. In katanga ta lalace yaran ake kamawa, su ke shan zagi, wani lokaci har ofishin 'yan sanda. Dillanci sana'a ce mai daraja a Zongo, amma dillalin ƙwarai yana cewa shi dillali ne, la'adarsa sananniya ce, kuma yana tsayawa har ciniki ya ƙare. Saboda haka tambayar inji tana da 'yar uwa: wa zai riƙe bindigar? Shi ma a gan shi.

Ta huɗu, suka ce ko an nuna wa mai gida inji bai san abin da yake kallo ba, kuma maƙaryaci na iya aro babban inji ya nuna, ranar aiki ya zo da ƙarami. Na farkon akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma maganinsa koyarwa ne. Lambobi uku ne kawai, bar da lita da wat, suna rubuce a ƙaramin allon da ke jikin inji, ɗan makarantar firamare zai karanta su. Wanda bai iya karatu ba yana da ido. A wanke masa taku ɗaya a bayan ɗaki inda ba a gani, a bari ya bushe, ya shafa da hannunsa. In fenti ya biyo hannu, magana ta ƙare. Gani ya kori ji. Shi kuwa mai aron inji don nuni, waya ta gama da shi. Ka ɗauki hoton injin da lambarsa da hannunka, ka ce wannan muka yi ciniki a kai. In wani ya zo, ciniki ya warware, a dawo maka da kuɗinka. Kasancewar ana iya karya ƙofa bai taɓa hana mutum sa kwado ba.

Ta biyar maganar ɗawainiya ce. Ɗauko inji a kai wa kowane mai tambaya yana cin mai da lokaci, wasu kuma gwajin kyauta suke so, wasu ma leƙen asiri suke don su san inda ake ajiye kaya su turo ɓarayi. Wannan koke ne na gaskiya, kuma gyaransa mai sauƙi ne. Mai aiki ya taka ya je inda ake wani aikin ya gani da idonsa. Ko ya biya kuɗin babur, a cire daga jimla in an daidaita. Ko kuma a zo da inji ranar aiki, a yi gwaji, sannan a biya kafin alƙalami a fara. Ba wanda ya ce a nuna ɗakin ajiya. Sirrin sana'a kuwa, in akwai shi, a hannu yake da ƙwaƙwalwa: tazarar da za a bari tsakanin baki da bango, saurin tafiyar hannu, yawan sabulu. Inji kaya ne da ake sayarwa a kasuwa ga duk mai kuɗi, ba sirri a cikinsa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne masu sana'ar na ƙwarai su ne suka fi kowa asara da wannan ɗabi'a, amma wasunsu na kare ta. Ka yi tunanin wanda ya yi shekara biyu yana adashi ya sayi babban inji da cikakkun kawuna da doguwar tiyo da takalman roba. Ga wani kuma da ya sayi ɗan gwanjo da ya gama rayuwarsa a Turai. In ba a ganin inji, a idon mai gida su biyun ɗaya ne, bambancinsu farashi kawai, kuma mai araha ne zai ci. Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya yi bayanin irin wannan a 1970 da misalin kasuwar tsofaffin motoci, har ya samu kyautar Nobel a 2001. Ya nuna cewa idan mai saye ba ya iya bambance mai kyau da rubaɓɓe, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, masu kaya na gari su janye, kasuwa ta rage sai tarkace. Mu da muke zaune a garin da tashar jirgin ruwansa ke sauke tsofaffin motoci ba ma buƙatar a fassara mana wannan. Shi ya sa mai sayen mota ke zuwa da makanikensa. Mai inji na gari, nuni shi ne tallarka mafi araha. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Kada mu masu ba da aiki mu ɗauka mun tsira. Da yawa daga cikinmu mu muka koya wa yaran nan ɓoye-ɓoye. Muna tambayar mutum biyar farashi mu ɗauki mafi ƙasa ba tare da tambayar dalili ba, alhali mun san araha ba ta ado. Muna ɓoye cewa fentin katangar na ruwa ne mai arha, ko tayil ɗin ya riga ya fara ɗagawa, in an wanke ya fito sai mu ce yaro ya ɓata, mu riƙe cikon kuɗinsa. Wannan zalunci ne, kuma shi ma algus ne. In muna so a nuna mana inji, mu ma mu nuna mita, mu nuna inda ruwa zai fito da inda zai bi ya fita ba tare da ya shiga gidan maƙwabci ba, mu nuna inda bango ke da rauni. Cibi biyu ne a wurin wankan nan.

Kwamitocin masallatai da na makarantun Islamiyya su ne suka fi kowa nauyi a wuya, domin kuɗin da ke hannunsu sadakar jama'a ce, ɗari-ɗari da hamsin-hamsin da aka tara ranar Juma'a. Ba daidai ba ne a ba ɗan wan ma'aji aikin wanke kafet saboda kunya, ba wanda ya tambaye shi da me zai wanke, da me zai tsotse ruwan, kwana nawa zai bushe. Kafet mai kauri in ya sha ruwa a laimar Lome bai bushe da wuri ba, wari yake yi, ya yi fumfuna, masu asma da tsofaffi su ne ke sa goshi a kai. Haka nan lokacin ambaliya. Mu da ke zaune kusa da kwarin kogin Zio mun san abin da ruwa ya yi a Togblekope a 2008, mun kuma san yadda laka ke kwanciya a ɗaki bayan ruwa ya janye. A irin wannan rana mutum ba ya cikin hayyacinsa, duk wanda ya ce yana da inji zai miƙa masa kuɗi. Ƙa'idar da ba a saba da ita lokacin kwanciyar hankali ba, ba za a tuna da ita ranar tashin hankali ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Masu sana'ar su haɗa kansu, su mayar da nuna inji da gwaji ƙa'idar ƙungiyarsu, su riƙa faɗa da bakinsu tun kafin a tambaye su. Sarakunan Zongo da limamai su sa baki, domin in ciniki ya lalace ƙofar gidansu ake zuwa, kuma sun fi kowa sanin yawan zumuncin da ƙaramin kuɗi ya raba. Kwamitoci su daina fitar da ko dala ɗaya sai mutum biyu daga cikinsu sun ga inji yana aiki. Kowane ciniki a rubuta shi a rabin takarda, da boko ko ajami ko Faransanci: wane inji, wa zai riƙe shi, ruwa da wuta a kan wa, nawa aka bayar, nawa ya rage, wa zai gyara in an ɓata. Iyayenmu mata, waɗanda su ne ke gida lokacin da ake yawancin wannan aiki, kada a bar su da baƙo da jarkar da ba a san abin da ke ciki ba, su ma su tambaya, haƙƙinsu ne.

Kai kuma ɗan'uwa mai inji, in an ce ka nuna, ka sauke shi daga babur ka ja igiya ya tashi. Minti biyar ne. In kayanka na gari ne ka samu aiki, ka samu wanda zai faɗa wa maƙwabcinsa. In bai kai ba, ka faɗi gaskiya ka karɓi aikin da ya yi daidai da shi, Allah Ya hore maka babba. Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya tsare mu da cin haƙƙin juna.